Gidan da Aka Cinye Wata-Wata

Kwana uku da rasuwar Hajiya Zinariya, 'yarta Zakiya ta kai ƙara wurin 'yan sanda cewa an sace takardar gidansu na unguwar Hindawiyya.

Sufeto Abdulelah ya same ta durƙushe gaban akwatin marigayiyar. Shekara tara ta yi tana jinyar tsohuwar, kuma ba ta da wani matsuguni sai wannan gidan.

"A nan Ummi take ajiye takardar, yallaɓai. Yanzu babu."

Wanta Nasir ya shigo yana ƙamshin turare.

"Wa ke taɓa akwatin nan?" Sufeto ya tambaye shi.

"Wallahi ban taɓa buɗe shi ba. Ni dai duk wata ina kawo wa Ummi riyal dubu uku daga albashina. Tambayi kowa, ɗan albarka take ce mini."

Sufeto ya duba ƙasan akwatin. Hajiya ba ta yar da komai, ko ledar burodi. Sai ga ambulan sama da saba'in a ɗaure da zare, kowanne da ɗan hatimin wani kamfanin ba da lamuni. Da alama a cikinsu Nasir yake kawo mata kuɗin.

Washegari ya je kamfanin. Wani ma'aikaci ya buɗe fayil, sai ga takardar gidan a ciki.

"Jingina ce irin ta tsofaffi. Muna biyan mai gida duk wata, bashi na hauhawa. Ranar da ya rasu a sayar da gidan, mu ɗebi namu, saura na magada."

"Nawa ya saura?"

"Ko ɗaki ba zai saya ba."

"Wa ya sa hannu?"

"Ɗanta, da wakala, wato takardar wakilcin da ta sa masa hannu."

Ran Sufeto ya ɓaci matuƙa. Ya saba ganin ɓarayi, amma bai taɓa ganin wanda ya sayi albarkar uwa da gidanta ba.

Ya koma ya zube ambulan ɗin gaban Nasir.

"Wakalar nan, me ka ce mata ta mene ce?"

Nasir ya yi tsuru-tsuru. "Ta karɓo mata magani a asibiti. An sallame ni daga aiki, yallaɓai, ban so ta sani ba. Rabi nake ba ta, rabi..."

"Halas, ya isa. Yalla, tashi!"

Ana sa masa ankwa Zakiya ta tare ƙofa.

"Yaya, ni nake wanke ta, ni nake juya ta. Amma har ta cika tana ce mini in yi koyi da kai."