Kalmar Sirrin Juwairiyya

Ranar kasuwar Makarfi Sadiƙ ya fara ganin Juwairiyya, tana zaune bayan tulin mazarƙwailar mahaifinta tana hararar waya.

"Baiwar Allah, wayar ce ta yi laifi ko mai kiran?"

"Shafinmu ne na intanet," ta ce. "Har yau cewa yake muna da zuma, alhali ta ƙare tun kafin azumi. Jiya wani ya taso daga Zariya ya koma hannu rabbana."

Bashir na Ikara ne ya gina shafin, ɗan aminin mahaifinta Alhaji Ya'u. Ya gina shi yadda ko hoto ɗaya ba za a canza ba sai an kira shi, ya kuma riƙe kalmar sirri. In an kira shi, sai ya zo da shadda da turare ya zauna zance. Abin da wasu samarin ke kira so ke nan.

Sadiƙ malamin firamare ne a Kudan. Da kasuwa ta zagayo ya zo mata da manhajoji uku na haɗa shafi.

"Gwada kowacce a wayarki. Ki duba wadda ba ta shan data, kuma in kin yi kuskure za ki iya komawa baya. Wadda ta sa kika tambaye ni sau biyu, mu watsar."

Ta zaɓi mafi sauƙi: wurin hoto, wurin rubutu, sai maɓallin wallafawa. Da aka zo kan kalmar sirri, ya juya mata baya har ta gama.

Kwana biyar tana kiransa da tambayoyi, rabinsu ta san amsarsu. Daga nan ta ƙware, kira ya tsaya. Sadiƙ ya yi sati biyu yana buɗe shafin yana kallon hotunan mazarƙwaila kamar marar aikin yi. Ƙarshe ya tura saƙo:

"Ɗalibata, kin yaye kanki ke nan?"

"Malamina, da ina da dalilin kiranka, kai ka raba ni da shi. Ka zo gida ka gaida Baba, sai in samu wani dalilin."

Ya je, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Alhaji Ya'u ya amsa a daƙile. Bashir ya riga ya faɗa masa cewa abin da malamin ya haɗa kayan wasan yara ne, kuma shi Alhaji ya fi son suruki da ake ce wa injiniya.

Bayan tafiyar Sadiƙ, Juwairiyya ta miƙa wa mahaifinta wayar.

"Baba, sa mana hoton mazarƙwailar yau."

"Ni? Da wannan yatsan na yankan rake?"

"Taɓa nan kawai."

Ya taɓa. Hoton ƙafarsa da silifas ya hau shafi. Ta yi dariya har da hawaye, ta nuna masa yadda ake komawa baya. A karo na biyu mazarƙwaila ta hau. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Kalmar sirrin tana hannun yaron nan?"

"Bai taɓa tambaya ba, Baba."

"Shi Bashir fa, da kika nemi ta tsohon shafin?"

"Ya ce sai bayan bikina da shi."

Alhaji ya ajiye wayar a kan tabarma. "Ce wa malamin ya turo magabatansa."

Bayan wata uku Sadiƙ yana aji aka tashi tara, ya buɗe shafin ya ga sabon rubutu: "Ranar Asabar ba ciniki. Za a ɗaura auren Juwairiyya Ya'u da Sadiƙ Iliyasu."

Ya tura mata: "Amaryata, wa ya taya ki?"

"Ba kowa, Malamina. Amma ka kira ni duk da haka."

An ɗaura, an ci mazarƙwaila har ta ginshi mutane. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa kada ɗayansu ya riga ɗaya tafiya da nisa.