Dangwalen Baba

Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, babu wanda ya taɓa abincin rana a gidan Tela. Baba na zaune gaban rediyo da hularsa a kan gwiwa, Mama na tsaye a ƙofar kicin. Auta, 'yar da ta rage musu a gida, tana kafa maɓalli a wata farar riga. Rigar angonta ce. Baba da kansa ya yanka ta, don ya ce muddin yana raye babu telan da zai ɗinka wa surukinsa rigar aure. Saura wata biyu biki.

Mai karanta labarai ya maimaita maganar har sau biyu. Ɗan takarar Baba ne ya fi yawan ƙuri'u a ƙasar baki ɗaya, da 'yar tazara kaɗan. Sai dai dokar ƙasar yankuna take ƙirgawa, abokin hamayyarsa kuwa ya ɗara shi da yanki guda, don haka shi ne sabon shugaba.

"Mun fi yawa, kuma mun faɗi?" in ji Baba. "Wane irin lissafi ne wannan? Auta, je ki tambayo mini malamin lissafin naki, tunda shi ma gwanin zubar da ƙuri'a ne!"

"Haba Baba..."

"Rufe mini baki!"

Saurayin Auta malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kowa a unguwa Malam yake kiransa, kuma shi hukuma ta ɗauka ya kula da rumfar zaɓen unguwar. Da aka zo ƙidaya a gaban jama'a, ya warware wata ƙuri'a mai ninki uku, an goge bakin ninkin da farce, yadda Baba yake naɗe yadi tun kafin a haifi Auta. Dangwalen bai faɗa cikin akwatin kowane ɗan takara ba. Yana zaune daidai kan layin da ya raba su.

"Tawa ce!" Baba ya ɗaga murya daga cikin taro. "Kowa ya san wanda na zaɓa!"

Malam ya dubi takardar, ya dubi Baba, ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri, Baba. Doka ta ce lalatacciya ce." Ya ajiye ta gefe. Da ƙuri'a ɗaya tak jam'iyyar Baba ta rasa rumfar.

Kwana huɗu Baba bai ce uffan ba, yana jiran sakamakon ƙasa ya share masa hawaye. Yanzu kuwa sai ya miƙe, ya fizge rigar daga hannun Auta, ya jefa ta cikin kwandon ƙyallaye.

"Sau biyu an jefar da ƙuri'ata, a can sama da kuma nan ƙofar gidana. Na can sun fi ƙarfina. Wannan kuwa ba zai shigo mini gida ba. An fasa!"

"Baban Auta, aure ake fasawa don takarda?" Mama ta ce. "Shugaban nan ya san da zamanka ma?"

Baba ya fice. Auta ta durƙusa a gaban kwandon ta fashe da kuka, allurar tana hannunta har ta soke ta ba ta ji ba.

Unguwar ta rabe biyu. Wasu na yawo a mota suna busa ham, wasu na tattaki da kwalaye an rubuta "Mu muka fi yawa". Wanzami da Mahauci, da suka shekara ashirin suna zama kan benci ɗaya a ƙofar shagon Baba, suka daina gaisawa. Wanzami ya ce doka doka ce, tun kafin zaɓe kowa ya san ta. Mahauci ya ce dokar da ke mayar da mai yawa ƙasa a kai ta bola. Shi ne ma ya fara kiran Malam ɓarawon ƙuri'a, sunan kuwa ya bi shi har makaranta. Wata rana aka yayyanka masa kujerar babur da reza.

Bayan sati biyu Auta ta tare shi a bakin get ɗin makaranta, lokacin tashi. Ya rame, alli duk ya ɓata masa hannun riga.

"Don Allah ka zo ka ce masa sori kawai," ta ce. "Ka ce kuskure ka yi. Kalma ɗaya fa!"

"Haƙuri zan ba shi sau dubu, Auta. Amma ban yi kuskure ba, ba kuwa zan fara zama da ke da ƙarya ba."

"Wato takarda ta fi ni!"

"Kin san wa na zaɓa?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Mutumin Baba. Ni ma ranar da aka faɗi rizal ban iya cin abinci ba."

"To me ya hana ka faɗa? Suna ta zaginka kamar ba ka da baki!"

"Bar su." Ya dubi ƙasa. "Abu ɗaya nake roƙonki. In kina shago, ki riƙa zura masa zare a allura. Kada ki jira sai ya nema."

Ta tafi tana hawaye, haushinsa ya cika ta. Tana maganar aurensu, shi yana maganar allura!

Amma maganar ta zauna mata, ta fara lura. Ta ga Baba ya daina zama a cikin shago, ya jawo kekensa bakin ƙofa inda rana take. Ta ga yana lalube da tafin hannu yana neman almakashi, alhali ga shi nan a gabansa. Wani direba ya dawo da wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, Baba ya ɗora laifin a kan yadi. Mutumin da a da yake hango karkatar ɗinki daga tsallaken titi!

Wata safiya, bayan shago ya yi shiru, ta miƙa masa kofin shayi ba tare da ta yi magana ba. Hannunsa ya wuce ta gefen kofin, ya damƙi iska.

"Baba," ta ce, "tun yaushe?"

Ya janye hannunsa. Can sai kafaɗunsa suka sauka.

"An fi shekara. Kamar an shafa mini hayaƙi a ido. Ko uwarki ba ta sani ba." Ya juyar da fuska wajen bango. "Shekara arba'in da ido nake ci, Auta. Wa zai kawo wa makahon tela ɗinki?"

"Shi ya sa dangwalen ya hau layi..."

"Ban ga layin ba sam."

"Malam ya sani?"

"Ya sani." Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. "Da ya miƙo mini takardar, haka na kama iska, kamar yanzu. Ya raɗa mini cewa doka ta yarda wani ya shiga da ni ya taimaka. Na harare shi. Da aka zo ƙidaya nake masa ihu, kalma ɗaya ta isa ta wanke shi: tsoho ba ya gani. Duk unguwa na tsaye. Bai faɗa ba. Wata guda ana zaginsa, bai faɗa ba. Ni kuwa duk na tuna shi sai kunya ta shaƙe ni, sai na ƙara masa laifi."

Auta ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta, suka yi kuka tare. Ba ta ce masa komai a kan aure ba. Shi ne ya share fuska da hularsa, ya ce, "Kwandon nan, ba a zubar ba ko?"

"Na ɗauke rigar tun ranar. Tana ƙarƙashin katifata."

"Ja'ira!" ya ce, ya yi dariya cikin kuka. "Kira mini shi."

Malam ya zo da la'asar, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar shago. Baba bai bari ya yi magana ba. Ya sa aka kira Wanzami da Mahauci, ya faɗa musu gaskiya da bakinsa, tun daga kan ido har zuwa kan layi.

"Yaron nan ba ɓarawo ba ne. Ƙuri'ata ni na ɓata ta. Mutuncina kuwa shi ya adana mini." Ya miƙa hannu yana neman kafaɗar Malam, Malam ya matso da kansa har hannun ya same shi. "Ka yafe mini, ɗana."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba. Gobe dai mu je asibiti."

"To. Amma har yanzu ina nan kan bakana: mu muka fi yawa!"

"Wannan kam lissafi ya yarda da kai," in ji Malam. Har Mahauci sai da ya yi dariya, kansa a sunkuye.

Likita ya ce an makara. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama aka samu aka cire masa yana. Kotu ma ta zauna ta tashi, sakamakon zaɓe bai canja ba. Baba bai sake yanka wa kowa yadi ba, ya bar wa Auta keken. Rigar angon kawai ya nace sai ya ƙarasa da hannunsa, Auta na zura zare, shi yana bin bakin yadin da yatsa.

Aljihun ya karkace, duk mai ido ya gani. Mama ta ce a ba ta ta farke shi a ɓoye, Malam ya hana. Da rigar ya tsaya ranar aure, yana karɓar gaisuwar 'yan jam'iyyu biyu da suka cika layin, kowa na kallon aljihun, babu wanda ya tanka.

Shugaba yakan hau ya sauka, ƙuri'a a ƙirga ta a manta, amma mutanen gida da maƙwabta suna nan bayan an kwashe rumfa. Mai riƙe gaskiya ba tare da ya tozarta wani ba zai sha zagi na ɗan lokaci, haƙurinsa kuma ba ya tafiya a banza. Baba ya rasa zaɓe, ya rasa ido ɗaya, amma duk safiyar da zai fita, akwai hannun da ke jiransa a bakin ƙofa tun kafin ya nema.