Itacen Lapo

Takalmansa Fiamma ta fara gani. Yana can saman tsani, rabin jikinsa ya nutse cikin ganyen dogon itacen cipresso, ba ka jin komai sai ƙarar almakashi. Ta tsaya a gindin itacen riƙe da kofin shayin da ta kawo masa, idonta na kan tsanin.

"Idan tsanin za ki riƙe min, ki riƙe," in ji shi daga sama. "Idan kuma kallo kika zo, ɗan matsa kada reshe ya same ki."

Da ya sauko ya ga fuskarta, sai wasan ya bar bakinsa. Duccio ne sunansa, mai gyaran itatuwa daga Montalcino, dogo, gashinsa cike da busasshen ganye. Bai tambaye ta komai ba. Ya dai koma motarsa ya ɗauko igiya, ya ɗaure ƙugunsa a gabanta, ya ja kullin da ƙarfi don ta gani, sannan ya karɓi kofin.

Shekara uku ke nan ba a jingina tsani a gidan ba. Itatuwa ashirin da biyu ne suka jeru daga titi har ƙofar gidansu a bayan garin Pienza, kuma daga kan ɗayansu yayanta Lapo ya faɗo yana datse rassa, ko asibiti bai kai ba. Tun ranar mahaifinsu Ottavio ya kulle tsani a rumbu, ya rantse ba wanda zai ƙara hawa. Dusar ƙanƙarar bara ta danne rassan suka baje, itatuwan da suke miƙe kamar masu suka koma kamar tsofaffin tsintsiyoyi. Fiamma ta jira har aka kwantar da baban a Siena don duba zuciyarsa, ta kira Duccio a ɓoye.

Kwana biyar ya yi yana aikin. Ya nuna mata yadda ake aske koren ganye kaɗai, don in almakashi ya kai ga busasshen ciki, wurin ba ya ƙara tsirowa. Ya ce ba a taɓa tsinin sama. Rassan da suka baje ya tattaro su ya ɗaure da lallausar igiya, kuma kafin ya koma wani itacen sai ya goge bakin almakashin da sifirit. Ita kuma ta riƙa kawo masa burodi da man zaitun, tana kiransa biri. Shi kuma ya sa mata suna tsuntsuwa, wai ba ta iya zama wuri ɗaya.

Ranar da ya gama, saƙonsa ya shigo wayarta kafin motarsa ta kai titi:

"Tsuntsuwa, na bar reshe ɗaya ban gyara ba da gangan, don in sami dalilin dawowa."

Ta rubuta masa: "Biri, ba sai da dalili ba."

Rabonta da dariya har ta manta.

Ottavio ya dawo ya ga itatuwansa a miƙe, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da rani ya yi, Duccio ya sa kwat ya zo neman izinin auren Fiamma. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ko kujera bai nuna masa ba.

"Ban san wani aibinka ba, yaro," ya ce. "Amma itatuwan nan sun ci min ɗa. Ba zan zauna ina jiran ranar da 'yata za ta sa baƙaƙen kaya ba."

Duccio ya ce ba shi da sana'ar da ta wuce wannan, kuma ba zai yi musu ƙaryar zai bari ba. Ottavio ya nuna masa ƙofa.

Daga nan Vieri ya fara zuwa cin abincin Lahadi. Abokin Lapo ne, yana da kantin magani a Siena, shi ke kawo wa tsohon ƙwayoyinsa. Mutumin kirki ne, Ottavio kuma ba ya gajiya da faɗin cewa tsanin da Vieri ya sani bai wuce taki uku ba. Fiamma ta riƙa zuba masa taliya tana murmushin dole, da rana kuma ta sadu da Duccio a bakin titi.

A can bakin titin ne wata rana Duccio ya tsaya yana kallon itace na bakwai, wanda aka dasa ranar da aka haifi Lapo. Wani reshe ya yi ja, ƙaro na tsiyaya daga ɓawon. Ya ce cuta ce, ta riga ta zagaye gangar, in ba a sare shi an ƙone ba za ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Shi kaɗai ya rage mana na Lapo," in ji Fiamma. "Wanda duk ya sa masa zarto, ni da shi har abada."

Ya ce ya ji.

Sati biyu bayan haka ta tafi Siena jinyar gwaggonta. Ranar da ta dawo, tun daga nesa ta ga giɓi a jerin. Kututture ne kawai ya rage, da toka a gefen gona. Vieri ya gaya mata ya ga motar Duccio a wurin ran Talata. Babanta kuwa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Ta rubuta wa Duccio: "Kai ne?"

"Ni ne na sare shi. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Kada ka ƙara kira na."

Bai kira ba. Saƙo ɗaya ya turo bayan wata guda: "Tsuntsuwa, ki sa a duba na shida da na takwas kafin damina. Ba sai ni ba, kowa ma." Ta karanta ta kifa wayar, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Fiamma ta rame, ta daina bin hanyar itatuwan, sai ta zagaya ta bayan gida. Vieri ya nemi aurenta ta ce ya ba ta lokaci. Ottavio yana kallonta, shi ma yana ƙarewa, har zuciyar ta sake kayar da shi a watan Janairu.

Wata rana da hantsi tana ba shi miya a gado, ya ture cokalin.

"Ni na kira shi," ya ce.

Sai ya ba ta labarin a hankali, yana hutawa. Ya ga jan reshen tun kafin kowa, ya kuma san ma'anarsa. Da ta tafi Siena ya kira Duccio, yaron ya ƙi, ya ce an hana shi. Tsohon ya roƙe shi har da hawaye, don bai yarda baƙo ya taɓa itacen ba. Duccio ya hau ya sauke shi guntu-guntu don kada ya faɗa kan na kusa, Ottavio da kansa ya riƙe masa igiya har tafinsa ya sale. Da aka gama ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, Duccio ne ya goyo shi har cikin gida.

"Na ce kada ya gaya miki, don ba zan iya haɗa ido da ke ba. Kin san me ya ce? Ya ce gara ki tsane shi da ki tsane ni, tunda ni kaɗai na rage miki." Ya share ido da bayan hannu. "Ina tsoron ki rasa miji, sai ga shi da hannuna na raba ki da shi. Tashi ki je."

"Baba, miyarka."

"Miya ba za ta gudu ba."

Ta fara biyawa ta kantin Vieri ta ba shi haƙuri. Ya sunkuyar da kai, ya ce dama ya daɗe da sani. Duccio kuwa ta same shi a lambun wani gida kusa da Montalcino, yana wasa almakashi a bayan mota. Ya rame shi ma.

"Wata biyar ka bar ni ina zaginka a zuci," ta ce.

"Na san kina yi. Wani lokacin har ji nake."

"Ka yafe min, Duccio."

"Itacen ɗan'uwanki na sare, Tsuntsuwa. Ke ce za ki yafe min."

Ta kifa kanta a ƙirjinsa, rigar na ƙamshin ƙaro, suka daɗe a haka.

A watan Mayu aka ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauyensu. Likita ya ce Ottavio ba zai ga wani Mayun ba, kuma kowa a cocin ya sani. A keken marasa lafiya aka kawo shi, amma a bakin ƙofa ya ce a tsaya. Ya dafa kafaɗar 'yarsa ya miƙe, suka taka a hankali, yana numfashi da ƙyar, mata na share hawaye da gefen gyale. Ba wanda ya gaggauta su, limamin cocin ma ya rufe littafinsa ya jira.

Da suka iso gaba, tsohon ya ɗora hannun Fiamma cikin na Duccio, ya riƙe su duka biyu da nasa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku tsawon kwana tare," ya ce. Sannan ya ɗaga kai ya dubi angon. "Karɓe ta, ɗana."

Fiamma ta juyo ta kalli babanta. Shekara huɗu ke nan ba ta ji kalmar nan a bakinsa ba.