Inda Take Zuwa Ranar Laraba

Da faɗa suka fara, wallahi. An kira shi ne ya gyara ƙofar ɗakin ganawa a ofishin lauyoyin da ke tsaya wa waɗanda aka yi safararsu, ba tare da karɓar ko sisi ba. Kafinta ne mai son a yaba aikinsa, don haka da ya gama gyaran sai ya ƙara wa ƙofar sakata sabuwa dal.

Sai ga wata siririyar lauya rungume da fayil. Ta kalli sakatar, ta kalle shi.

"Malam, wa ya sa ka?"

"Kyauta ce, ranki ya daɗe."

"To cire kyautarka. Matan da ke shigowa nan, wata shekara biyu ta yi a kulle a gidan aikatau, fasfonta a hannun wani. Da ta ji an zura sakata bakinta ya mutu, ni kuma na rasa shaida a kotu."

Kunya kamar ya nutse. Ya kwance sakatar, washegari ya dawo da ɗan guntun katako da ya goge sumul, ya tokare ƙofar a buɗe. Lauya ta yi murmushi. Shi ke nan, bawan Allah ya faɗa tarkon so.

Daga nan waya ba ta huta ba.

"Lauyata, yau sau biyu na buge yatsana ina tunaninki. Zan kai ƙara."

"Ba a karɓar ƙara sai da shaida, Mai Guduma. Ka kawo yatsan da yamma in gani."

Maganar aure ta kankama, sai Gwaggonsa ta tsoma baki, ita da dama ta tanadar masa 'yarta. Ta je ta tsegunta wa Mama, mahaifiyarsa, cewa duk Laraba yarinyar nan tana barin ofis, ta canza tasi sau biyu, ta ɓace sai la'asar. Mama ta ce atafau sai ta ga wurin da idonta, in ba haka ba a fasa.

Ya same ta a ofis, ya tambaye ta inda take zuwa ranar Laraba.

"Gida ne da muke ɓoye shaidunmu har a gama shari'a," in ji ta. "Waɗanda suka sayar da su suna nan waje suna nemansu."

"Ko ni ba za ki faɗa wa inda yake ba?"

"Ko kai, Mai Guduma."

Ta faɗa idonta cike da hawaye, Allah kuwa ya sani tana sonsa. Bayan ya tafi ya turo mata saƙo: "Ni na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Mama ce ta rage. Kar ki gaji da ni."

Ranar Laraba Mama ta ɗauki tasi ta bi bayanta. Abin da ba ta sani ba, duba madubin mota don ganin ko ana bin ta na cikin aikin Lauya. Sau uku suka zagaye shataletalen kasuwa, har direban Mama ya fara mita. Lauya ta sauka a gidan mai, ta je ta ƙwanƙwasa gilashin motar da ke bin ta. Wa za ta gani? Mama, ta ja mayafi har hanci.

Ta durƙusa nan bakin mota. "Mama, ina wuni?"

"Tashi, ja'ira, kin sa jiri na ɗibata. Ki faɗa mini ni kaɗai, gobe in sa a tsayar da rana."

"Mama, ki gafarce ni. Yadda kika biyo ni, haka wani zai iya biyo ki. Akwai wadda za ta ba da shaida jibi, na rantse mata babu mai jin inda take daga bakina. In auren zai fasu a kan haka, zan yi kuka, amma ba zan faɗa ba."

Mama ta kalle ta sama da ƙasa. Can ta sauke mayafin.

"'Ya'yan wasu, ba dangin uwa ba na uba, kin riƙe musu amana har kina shirin rasa miji. To ina ga sirrin ɗana? Maza je ki, kar su yi ta jira. Direba, juya mu, kuma kar ka kuskura ka kalli inda ta bi."

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure. A bakin ɗakin amarya ango ya ajiye guntun katako irin na farko, ya sassaƙa "Lauyata" a jikinsa. Ta gani, ta yi dariya har da ƙwalla.

Ana tsakiyar biki Gwaggo ta matso kusa da Mama, ta yi ƙasa da murya. "Wai daga ƙarshe ina ne take zuwa ranar Laraba?"

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Mu a gidanmu ba ma faɗa. Ki dai sa musu albarka."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma tsare na wancan gida.