Kaset Ɗin da Baba Ya Hana a Buɗe

A shagon gyaran bidiyo suka haɗu. Auta ta kawo na'urar babanta, Injiniya ya ɗago kai ya kalle ta, sai ya manta abin da yake kwancewa. Gyaran minti goma ya ci sati guda, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Baban Auta mai tara tsofaffin finafinai ne. Abin alfaharinsa wani kaset ne na soyayya da barkwanci, shekara talatin yana cikin ledarsa ta kamfani. Masu tarawa kan zo daga nesa su leƙa shi a kabad, su koma suna haɗiyar yawu.

Ranar da Injiniya ya zo gaisuwa, Baba ya ɗauko masa shi. Bawan Allah, maimakon ya yaba ya ja bakinsa, sai ya ɗaga kaset ɗin a haske.

"Baba, fumfuna ta fara cin zaren. In ba a buɗe an goge ba, ya tafi."

"Neman 'yata ka zo, ko yage mini leda?" in ji Baba, ya nuna masa ƙofa.

Auta ta tura masa saƙo: "Injiniyana, da ka ce ya yi kyau kawai. Baba ya ce kada ya sake ganin ƙeyarka."

Ya amsa: "Tauraruwata, wallahi ina tsoron rasa ki. Amma in na yi wa Baba ƙarya yau, gobe da wace fuska zan ce ki yarda da ni?"

Wata guda Auta ba ta yi dariya ba. Wata safiya Baba ya sa tabarau ya duba da kansa, ya ga farin fumfunar ya ƙaru. Duk masu zuwa yabo sun gani, ba wanda ya faɗa masa.

Da ƙafarsa ya je shagon. A gaban Injiniya ya yage ledar.

Kwana uku Injiniya yana goge zaren. Da suka kunna a falo, Baba ya yi dariya har hawaye, Auta kuwa ba fim ɗin take kallo ba.

Baba ya share ido. "Ashe haka yake da daɗi. Yaro, turo magabatanka. Na kusa lalata abu ɗaya da ɓoyo, ba zan ƙara da 'yata ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura musu aure. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.