Hoton Bayan Halliru

"Ki tahi gida Gummi, Luba. Ki je ki huta."

Lubabatu ta ajiye kwanon fura a hankali. "In huta da mi, Baban Kulu? Na ce maka na gaji?"

"Ba sai kin ce ba."

"Sakina kay yi?"

"A'a! Wallahi a'a..." Halliru ya juya fuska ga bango. Yana kwance bisa wani tsohon ƙyauren katako, don an ce masa mai ciwon baya ba ya kwana a katifa. "Amma ki tahi tun da sauran mutunci."

Ciwon ya daɗe yana cinsa, tun zamanin da yake saɓa buhunan dutsen zinariya a Bagega. A daminar 2014 ya daure ya je asibiti a Gusau aka ɗauki hoton ƙashin bayansa, aka ce ya dawo likita ya duba. Maimakon haka, gogan naka sai ya zarce da hoton majalisarsu ta Anka, wurin abokansa tsofaffin mahaƙa. Suka ɗaga shi ga rana, kowa ya zama likita. Namadi, wanda duk cikinsu babu mai idonsa wajen duba bangon rami, ya ɗora yatsa a ƙasan hoton, inda wasu ƙasusuwa biyu suka matsu.

"Kun gani? Tsaga ta. Ramin da yat tsage haka, hidda mutane aka yi kahin shi ruhta."

Maganar Namadi ta taɓa ceton rai a bakin rami, don haka Halliru bai yi musu ba. Bai koma wurin likita ba. Ya dawo gida ya kwanta yana jiran ranar da ƙafafunsa za su mutu, kuma mutanen da yake son fitarwa su biyu ne, matarsa da 'yarsu Kulu.

Washegarin ranar da ya ce ta tafi gida, Luba ta goya Kulu, ta zare ambulan ɗin hoton daga ƙarƙashin tabarmarsa. Yana kallonta har ta fita.

A mota kuka ya ci ƙarfinta. Wannan hanyar ce fa Halliru yake bi a kan mashin lokacin da yake neman aurenta, duk ranar kasuwar Gummi, da damin rake ɗaure a baya, ya iso ƙofar gidansu buɗu-buɗu yana washe baki. Ya tsaya a tsaye tun la'asar har a kira magariba, wai zama ɓata lokacin kallonta ne. Ƙawayenta suna tsokanarta, suna cewa ta samo dogon yaro mai inuwa. Ta tuna ranar da gulbi ya kawo, hanya ta yanke, ya bar mashin a Bukkuyum ya ƙaraso da ƙafa don kawai kada ta ce ya saɓa alkawari. Ta yi kewar mutumin nan ƙwarai, alhali jiya-jiyan nan ta ba shi fura da hannunta.

Da ta isa gida, Inna, mahaifiyarta, ba ta tambaye ta komai ba sai da ta ci abinci. Da ta ji labari, ta karɓi hoton ta juya shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Wanga abu? Ai Babanku ma na da irinai. Tun bara da yah hwaɗo daga amalanke anka ɗauke shi. Shina nan ƙarƙashin gado, ɓeraye ma sun ƙi shi."

Suna cikin haka sai ga Malam Mainasara, mahaifin Luba, ya shigo daga fadama da galma a kafaɗa, tsoho mai furfura har gira, yana faɗan awaki sun ci masa dankali. Luba ta bi shi da kallo. Ta jawo hotonsa ta ɗaga kusa da na mijinta, ta ƙura musu ido.

Ba ta yarda da idonta ba, tunda ido ne ya kai su inda suke. Da safe ta kwashi hotunan biyu ta je asibitin garin, ta bi layi har ta ga likita, ta yi ta zuba tambaya har sai da ya yi dariya ya gyara zama.

Ranar da ta koma Anka, ita kaɗai ta koma. Ta tarar da shi inda ta bar shi, ya ƙara ramewa.

"Luba... mi ya maishe ki?"

"Tambaya ɗaya nika yi, in ka amsa sai in koma." Ta buɗe taga, ta ɗaga hotunan biyu ga haske, ta danne sunayen da manyan yatsunta. "Wane na naka?"

Ya ɗago da ƙyar ya ƙura ido. Na hagu ya karkace, ƙasusuwan sun yi ƙaho-ƙaho, sun manne da juna kusan ko'ina. Ya nuna shi.

"Wanga. Ashe har ya kai haka..."

Ta janye yatsanta. Ya karanta sunan a hankali, ya sake karantawa.

"Baba?"

"Baba, wanda nib baro shina noman dankali, shina bin awaki da gudu!" "Likita ya ce ƙashi ma tsuhwa shikai kamar yadda gashi ka hurhura. Mutane da yawa in an ɗauke su za a ga haka, kuma ba su jin komi. Ya ce naka ba tsaga ba ta, wurin ya ɗan cinye na don ɗaukar kaya. Kuma ba shi yanke hukunci da hoto, sai ya ga mutum, ya taɓa, ya ga tahiyatai."

"To ciwon hwa? Ƙarya nikai?"

"Wa yac ce ƙarya kakai? Ni da ka jin nishinka?" Ta durƙusa gabansa. "Ya ce ciwon gaskiya na, amma kwanciyar ga ita ka ƙara ɗaure ka. Ka zo shi duba ka, shi koya maka motsa jiki. In ƙahwa ta hwara mutuwa ko hitsari ya ƙwace maka, wannan a garzaya. Ka taɓa jin haka?"

"A'a..."

"To don mi ka binne kanka, ka kore ni?"

Halliru ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Tun da suka yi aure ba ta taɓa ganin kukansa ba, kuma ba ta hana shi ba.

"Tsoro niji, masoyiyata. Kada ki ƙare ƙuruciyarki kina kwashe min kashi da hitsari."

"Ko da hakan ta zo, wa ya ba ka ikon zaɓa min?"

"In ciwon bai tahi ba hwa?"

"Shi zauna. Ni ma zama nikai."

Ya miƙo hannu, ta kama. Ya cije leɓe, ya dafa bango, ya tashi a hankali har ya miƙe, gumi na tsatssafo masa a goshi. Luba ta ɗaga kai tana dubansa, ta manta ashe haka ya fi ta tsawo.

"Ina Kulu?" ya ce.

"Tana wurin Inna. In sa a kawo ta?"

"A'a." Ya ƙara riƙe hannunta, ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya zuwa ƙofa. "Ni na kore ta. Ni za ni ɗauko ta."