Ranar da Sabitu Ya Sha Maganin Haihuwa

"Ni ce Amina ta Zazzau! Kowa ya kauce!"

Yarinyar ta kifa kwanon sha a ka, ta haye turmi da muciya a hannu, tana zaburar dokinta. Sunanta ne na gaskiya, Amina, shekararta biyar. Ƙanwarta Khadijatu ta tare hanya da kwandon albasa, wai ayarin raƙumanta ne za su Sham.

Uwarsu Mairamou na zaune a bakin ƙofa da jaririya a cinya, jego ɗanye, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ruwan Libreville na ta kaɗa ganga a kan kwanon rufi. 'Yar Garoua ce, ta ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, kafin aure, kuma ita ta cika kunnen yaran da labaran nan: sarauniyar da ta kewaye garuruwa da ganuwa, Nana Khadija mai fatauci, da Baturiyar da ta ƙarar da ranta a ɗakin bincike har duniya ta karrama ta sau biyu. Shekarar ma duniya ta ware ta don mata, rediyo ba shi da zance sai nasu.

"Mama, wadda kika ce ta tafi sama cikin roka, ta hango gidanmu?" Amina ta tambaya.

"Ta hango unguwarmu Awendjé kaf, har da ke kina ƙin wanka."

Labule ya ɗaga. Hajiya Ƙulu, mahaifiyar maigidan, ta fito da carbi, fuska a murtuke.

"Sarauniyoyi! Gida ya cika da sarauniyoyi, babu mai gadon shago. Ke, sauka daga turmin nan!"

Amina ta sauko.

Lokacin ne kuɗin fetur ke ambaliya a Gabon. Ko'ina gini, ko'ina ƙarafa sun miƙe sama, kowane lebura idan ya karɓi albashi sai ya rataya rediyo a kafaɗa. Sabitu, mijin Mairamou, rediyo da rakoda yake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët, har ya iya ɗauko mahaifiyarsa daga Kano a jirgin sama. Ta zo tun cikin yana ƙarami, da ƙullin saiwoyi da sassaƙe a ƙasan akwati. Kullum da safe ta jiƙa, ta tace, ta miƙa wa surukarta a kofin silba. Maganin haihuwar namiji.

Da magariba Sabitu ya shigo da burodi a hammata, bai ko cire takalmi ba Hajiya ta kira shi.

"Zauna. Ke ma zo nan."

Suka durƙusa a gabanta.

"Maganin nan bai taɓa ƙarya ba. Ni shaida ce! 'Ya'ya mata uku na jera wa Malam Audi, mijina na fari, danginsa suka kore ni da tsakar rana kamar na yi sata. Na yi tallan ƙosai da goyo a baya. Wata tsohuwa a Ƙofar Mazugal ta ji tausayina ta ba ni wannan haɗin, na sha, na auri ubanka, sai ga ka! To yaya za a yi ita ta sha ta haifi mace? Zubarwa take yi idan na juya baya."

"Wallahi Hajiya ko cokali ban taɓa zubarwa ba." Mairamou ce ta amsa. "Ina sha ina amai, in dawo in ƙarasa."

"Rufe mini baki! Kai kuma, ana gama suna ka sallame ta ta koma Garoua. In ka ƙi, na rantse sai na ɗaga maka nonon da ka sha!"

"Hajiya!"

"Na gama magana."

Da suka shiga ɗaki Sabitu ya zube a bakin gado ya dafe kai. Shekara shida ke nan tun ranar da ta shigo shagonsa sayen batir, ta gyara masa Faransancinsa tana murmushi, ya rasa inda zai sa idonsa. Yanzu ga ta tana shayarwa, hawaye na ɗiga a goshin jaririya, tana share su da babban yatsa.

"Sheri, masoyiyata, ba inda za ki."

"Kada ka ja wa kanka bakin uwa saboda ni. Zan tafi. Abu ɗaya nake roƙo, ka bar mini su ko zuwa yaye ne... ka ga babbar ba ta barci sai an yi mata labari."



Washegari bai buɗe shago ba. Ya tari taksi sai asibitin haihuwa, wurin Madam Mengue, ungozomar da ta karɓi 'ya'yansa duka uku. 'Yar ƙasa ce, ƙatuwa, mai dariya kamar tsawa. Ya tsaya yana murza hula, ya haɗo Faransancinsa na kasuwa.

"Madam, allura nake so. Ta Turai, wadda mace za ta haifi namiji. Ko nawa ne zan saya."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa tebur.

"Wayyo 'yan kasuwa! Tun da fetur ya zo kun ɗauka komai na kan kanta. Zauna, Mushe Sabitu." Haka suke cewa Malam da Faransanci.

Ta zazzage ƙwayoyin magani a tebur, farare da jajaye, ta ware farare zalla gefe guda.

"Wannan matarka ce. Duk wata jikinta yana sakin ƙwai ɗaya, kuma kowane ƙwai fari ne. Na kowace mace haka yake, har ni." Ta cakuɗa sauran. "Wannan kuma kai ne. Irin da namiji ke kawowa ba ya ƙidayuwa, rabi fari, rabi ja, duka suna tsere zuwa ga ƙwan. Fari ya riga isa, mace. Ja ya riga, namiji. To gaya mini, ina jan yake a wurin matarka da za ta ba ka?"

Sabitu ya ƙura wa teburin ido.

"Ke nan... daga wurina ne? Laifina ne?"

"Kai ka tsaya alƙalancin tseren? Ba laifinka, ba laifinta. Wanda ya halicce su Shi ke zaɓa. Babu allura, babu saiwa. Kuma in na ji an sake ɗura wa mai jego wani jiƙo, da kaina zan zo gidan!"

Ko sallama bai yi ba ya fita a guje.

Ya tarar da akwatin Mairamou a buɗe a tsakar ɗaki, tana ninke zannuwa. A waje Hajiya ta tace jiƙon safe kamar kullum, don ta ce ko Garoua za ta, ta tafi da shi a jiki. Kofin na kan kujera, baƙi ƙirin, yana warin maɗaci da jar kanwa.

Sabitu ya sunkuya ya ɗauka. "Bismillahi!" Ya kafa kai.

"Kai! Kai! Na mata ne! La'ilaha illallahu, yaron nan ya zautu!"

Bai sauke ba sai da ya ga gindin kofin. Idanunsa suka firfito, ya yi tsalle ɗaya, ya yi biyu, ya ruga bakin rariya yana kakari. Amina da Khadijatu suka faɗi ƙasa don dariya.

"Baba zai haihu! Baba zai haihu!"

Mairamou ta fito da gudu da buta. Ya kuskure baki, ya ɗago ya dube ta, hawayen ɗaci da na tausayi sun haɗu a fuskarsa.

"Wannan kike sha kullum? Wata da watanni?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya shiga kicin ya ɗebo farin wake da jan wake, ya zo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Maganar da nauyi, ba irin wadda ɗa ke yi da uwa ba ce, don haka tabarma yake kallo yana jera waken, yana ta "ki gafarce ni" tsakanin kalmomi.

"Hajiya, in ma magani yana yi, ni ya kamata a ba, shi ya sa na sha. Mace gona ɗaya gare ta, farin nan kaɗai ke wurinta. Jan yana wurin namiji, shi ma ba shi ke zaɓa ba. In kora za a yi saboda 'ya'ya mata, ɗanki za ki kora. Ga ni."

"Zancen Nasara!"

"Ilimin halittar Allah ne, Hajiya. Ba Shi ya ce yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza ba?"

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta miƙa hannu ta ɗauki farin wake guda, tana juya shi a tafinta. Ruwa ya tsagaita, sai ɗigon indararo. Can ta yi magana, kamar da kanta take yi.

"Bayan sun kore ni Malam Audi ya auri 'yar limamin unguwa. Ta haifa masa mace... ta sake haifa masa mace. Ita ma suka ce ƙafarta ce." Ta ɗago ta dube shi. "Ni kuma da na haife ka, ba jiƙon ba ne ke nan? Rabo ne kawai?"

"Rabo ne, Hajiya."

"Ashe ban yi laifin komai ba. Tun ina yarinya nake ɗauke da abin nan a ƙirji... ashe ban yi komai ba!"

Tsohuwa ta fashe da kuka irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Mairamou ce ta fara isa gare ta. Ta rungume ta, ta goge mata fuska da bakin zani, ba ta ce uffan kan abin da ya wuce ba.

"'Yata, abin da aka yi mini shi na zo yi miki. Ki yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba, Hajiya. Jika namiji kike nema."

"Mayar da kayanki! Miƙo mini ƙawata in gan ta da kyau."

Ranar suna Awendjé ta cika, Kanawa da mutanen Garoua da maƙwabta 'yan ƙasa, aka raɗa wa yarinya Madina. Ana cikin rabon goro Hajiya ta sa aka kawo mata rakoda sabuwa fil daga shago, ta zauna a tsakiyar mata ta rungume ta, za ta ɗauki saƙo a kaset ta aika Kano.

"Ta fara ɗauka? To! Salamu alaikum matan Ƙofar Mazugal, Ƙulu ce daga Gabon! Ku tara kowa, har da mazan, musamman mazan! Kowa ya samo farin wake da jan wake ya zauna, ina da magana!"

Gida ya kaure da guɗa.

Haka haƙurin Mairamou ya tsare mata ɗakinta, ya kuma warkar da ciwon da ya girme ta. 'Ya mace ba asara ba ce, kuma ba laifin kowa ba ce, kyauta ce daga Mai kyauta. Wanda bai san yadda aka halicce shi ba yakan zalunci na kusa da shi yana zaton gyara yake yi. Ku nemi sani, ku tausasa wa matan da ke gidajenku tun suna jin muryarku, domin akwai ranar da za a so a ce musu "ba laifinki ba ne" a tarar ɗakin babu kowa.